Wai Fuskar Arzika ta Kamfani Ce

Boɗinga,
Lardin Sakkwato.
Ran 11 ga Maris, 1957.

Zuwa ga yayana Attahiru, a Ikko.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka Hajara da yara duka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a cinikin da ya kai ka can, ya tsare ku daga zazzaɓin kurmi, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan sai godiyar Allah. Gero ya yi kyau bana, rumbuna sun cika har da ragowar dawa, albasar fadama kuma an fara cira. Maigidana, Malam, yana nan da karantarwarsa, tarin nan ya sake shi tun da zafi ya fara shigowa. Kada ka yi dariya in ka ga layin rubutuna ya hau tudu ya gangara. Da hannuna na yi, ajin yaƙi da jahilci bai tafi a banza ba. Da gangan na ƙi aikawa wurin mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa, don ba na so maganar gidanmu ta bi ta hannun wani, ko da yake yanzu babu wanda bai ji ta ba daga nan har Shagari.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma ba ɓacin da barci ke gusarwa ba ne. An yi mana abin da ko a tatsuniya aka ba ni shi sai in ce mai bakin ya yi ƙari. Bari in ɗauko maka daga tushe, tunda ka daɗe ba ka gida. Ka tuna ranin nan kafin ka tafi, da wani Bature ya zo fadamar Danchadi tare da malamin gona, yana rataye da ɗan akwatin ɗaukar hoto a wuya? Ya tarar da babban yayanmu, marigayi Arzika, a bakin jigo ba riga, yana ban ruwan albasa. Ya sa shi ya ɗaga guga ya sauke, ya ɗaga ya sauke, wai kuma lalle sai ya yi dariya. Da Yaya Arzika ya dawo gida har yana kwaikwaya mana yadda Baturen ke durƙusawa yana kanne ido ɗaya, ya ce an mai da shi ɗan wasa a gonarsa, ko goro ba a ba shi ba. Muka yi dariya muka manta. Ranin da ya biyo baya sanƙarau ya shigo ƙasar nan, ya ɗauke shi cikin 'yan kwanaki, babu ko ƙwayar magani da muka samu muka ba shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

To, bara ƙanenmu Maniru ya kai albasa birni, ya shiga wani kanti sayen kananzir, sai ya ɗaga kai ya ga Yaya Arzika a jikin bango. Kalanda ce ta wani kamfanin Turawa mai sayar da maganin ƙarfin jiki a kwalba. Ga shi nan da jigonsa, da tabon nan na lauje a damtse, yana dariya, ga wata ƙatuwar kwalba an dasa a gefensa ta kusa kai shi tsayi, an rubuta a ƙasa wai duk mai son ƙarfi irin na wannan manomi ya sha maganinsu. Ka ji fa. Mutumin da bai taɓa ganin kwalbar nan da idonsa ba, mutumin da ya mutu babu magani, shi ne ake yawo da shi kanti-kanti yana tallar lafiya. Maniru ya ce tsayawa ya yi yana ta kallonta a cikin kantin, har mai kanti ya tambaye shi ko lafiya, da ya ji dalili kuma ya ciro kalandar ya ba shi kyauta, Allah ya saka masa da alheri.

Ka dai san Maniru, zuciya mai kyau, kan nasa kuwa sai a hankali. Bai shawarci kowa ba ya kai kalandar wurin wani mai hoto a bakin kasuwar Sakkwato. Aka rufe kwalbar, aka sake ɗaukar Yaya Arzika shi kaɗai, aka wanko ƙanana da babba guda. Ƙananan ya raba wa dangi. Babban kuwa ya manna shi a allo ya rataye a rumfarsa ta kasuwar Boɗinga, inda yake sayar da irin albasa, ya sa aka rubuta a ƙasa: Irin Arzika na Danchadi. Ba ƙarya ya rubuta ba, don irin da marigayi ya bari ne yake ta reno, manoma har daga Sifawa da sunan suke zuwa nemansa. Malam ya yi masa faɗa, ya ce hoto ba abin ratayewa ba ne ga Musulmi, balle na mamaci. Maniru ya ce to, ya bar allon inda yake.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai shi ne Inno, mahaifiyarmu. Kai ma shaida ne kan yadda take kunyar Yaya Arzika, kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda matan yanzu ba kowace ke iyawa ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Wancan take ce masa, ko na Horo Birni, tunda Gwaggo Kaltume ce ta ɗauke shi daga yaye ta riƙe shi can har ya girma. In ya shigo gaishe ta, bango take kallo tana amsawa. In ta zuba masa tuwo, ni take ba in kai. Har ɗan maƙwabcinmu mai suna irin nasa sai da ta laƙaba masa wani suna don kada bakinta ya kuskure. Ranar da ya rasu mata suna kuka, ita tana jan tasbaha, mutane suna ta yaba dauriyarta, ni kuwa da nake kusa da ita na san abin da na sani. Saboda haka Maniru bai iya miƙa mata hoton hannu da hannu ba. Ya ajiye guda a kan gadonta ya fita. Ba ta ce ta gani ba, mu ma ba mu tambaya ba, hoto dai ya ɓace daga kan gado. Sai wata rana da hantsi na zo kawo mata fura, na hango ta ta cikin asabari, ta buɗe adaka, ta riƙe shi da hannu biyu kusa da fuskarta. Kallon da ba ta yi masa ba yana raye, shi take yi masa. Na koma da baya a hankali na tsaya a zaure, sai da na ji ta rufe adakar sa'an nan na yi sallama. Malam ma ya san yana nan, amma duk wa'azinsa bai taɓa kai shi ƙofar ɗakin Inno ba.

Ana nan, wata ranar kasuwa sai ga motar tallar kamfanin, da lasifika a kanta tana ta cika wa mutane kunne. Akawunsu, wani mai gajeren wando da doguwar safa, yana zagayawa sai ya ga allon Maniru ya tsaya. Maniru da farko murna ya yi. Ya zaci sun zo neman dangin mai hoton ne su yi ta'aziyya, har ya shimfiɗa masa buzu ya ciro goro. Ashe ba haka ba ne. Akawun ya tambaye shi wa ya ba shi izinin taɓa kayan kamfani. Ya ce akwai wani gida a Ingila da ba shi da sana'a sai tara hotunan mutanen duniya yana ba da hayarsu, gidan nan ya sayi hoton daga hannun Baturen da ya ɗauka, su kuma suka biya gidan, don haka a duk faɗin ƙasar nan su kaɗai ke da ikon amfani da shi. Wanda duk ya sake wanke shi, ko ya yi talla da shi ba da izininsu ba, wai ɓarawo ne. Yaya, ka ji ƙarfin hali, ɓarawo da sallama. Sun shigo gonarmu sun ɗauki fuskar ɗan'uwanmu ba su tambayi kowa ba, sun sayar wa junansu, sun yi masa ƙarya a kai, sa'an nan mu ne ɓarayi. Kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗi. Shi ya sha rana a bakin jigo, wani ƙato yana zaune a inuwa a Ingila yana ba da hayar guminsa.

Gaban Alƙali aka fara kai maganar. Allah ya ƙara masa daraja, ya saurara tsaf, ya ce shi a littattafansa ya san satar jaki, ya san satar hatsi, amma bai san yadda mutum zai saci fuskar yayansa ba. In kuwa fuskar dukiya ce, to gado ce, sai a kira magada a raba musu. Akawu ya ce wannan ba shari'ar alƙali ba ce, dokar Turawa ce, sai a jira Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi. Kafin ya zo sun riga sun je sun tsorata mai hoton nan na Sakkwato, ya ba su kalandar da ke wurinsa, ya ba su uwar hoton, wato baƙar nan da ake wanko sauran daga jikinta, ya kuma faɗa musu adadin da ya wanke. Dogari ya bi gida-gida yana karɓa. Har Horo Birni aka je aka karɓe na Gwaggo Kaltume, baiwar Allah da idanunta suka tafi, shafa shi kawai take yi da yatsa. Da aka tara aka ga saura guda. Aka matsa wa Maniru, shi kuma don tsoro ya ce yana wurin Inno. Ɗan kuka ke nan, mai jawo wa uwarsa jifa. Na so in wanke shi tas, amma da na ga yadda ya rame sai na ƙyale shi.

Ranar da Di'o ya sauka a bariki aka ce Inno ta zo da kanta. Tsohuwar da ko kasuwa ba ta zuwa, aka zaunar da ita a tabarma gaban Hakimi da dogarai da surukinta Malam da rabin garin Boɗinga. Ni ina baya cikin mata. Di'on yaro ne, ko gemu bai tsayar ba, kuma ba zan ɗora masa abin da bai yi ba, da alama shi ma abin bai yi masa daɗi ba. Ta bakin tafinta ya ce doka tana bayan kamfani, don a wurinsu hoto na wanda ya danna akwati ne, ba na wanda ke ciki ba. Shari'a saɓanin hankali. Amma ya ce in har tsohuwar nan ita ta haifi mutumin, zai sa baki a bar mata nata guda. Ya ɗaga babban hoton nan na allo, ya ce ta dube shi, ta faɗi sunansa, ta faɗi mene ne shi a wurinta, shi ke nan. A ganinsa sauƙi ya kawo. Mu kuwa da muka ji sai muka dubi juna, don duk wanda ya sha nono a ƙasar nan ya san abin da aka tambaye ta. Inno ta ja mayafi ta kau da kai wajen katanga. Aka sake tambaya, shiru. Can sai ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Ɗan Kaltume na, ku tambaye ta."

Nan ne abin ƙyamar yake, Yaya. Tafintan nan ba baƙo ba ne. Mijinyawa ne ɗan Sifawa, wanda kuka yi makarantar allo tare, shi kansa ɗan fari ne, uwarsa har yau ba ta kiran sunansa. Ya san sarai abin da Inno take nufi. Ya san kau da kan nan da ta yi ya fi shaidu goma nuna cewa ita ta haife shi. Magana kaɗan zai ƙara wa Bature ya gane. Amma sai ya juya ya yi ɗan guntun Turancinsa, ya juyo ya ce mana wai tun da tsohuwa da bakinta ta ce ɗan wata ne, ko kallonsa ma ba ta yi ba, to babu sauran magana, ta kawo na hannunta. Malam ya miƙe ya roƙi a ba shi dama ya yi bayani, Mijinyawa ya ce ba shi aka tambaya ba, kuma Di'o yana sauri, Shagari ake jiransa. Ni ma na ɗaga murya daga baya na ce ai kunya ce, al'ada ce, dogari ya zare mini ido. Hakimi kuwa yana zaune yana kallon yatsun ƙafarsa kamar ranar ya fara ganinsu. Daga baya muka ji motar kamfani ta tsaya a Sifawa ta sauke kwalin magani guda a ƙofar gidan su Mijinyawa. Da ɗan gari kan ci gari. Bature dai a ce bai sani ba, shi wannan fa, me za a ce? Ya sayar da tsohuwar da ta sha ba shi ɗumame yana yaro, a kan ruwan kwalba. Har yau in na tuna fuskarsa sai na tofar da yawu.

Inno ba ta yi musu ba. Ta sa hannu cikin zani ta ciro shi, a naɗe cikin wani farin ƙyallen saƙi, ta miƙa wa Maniru ta gefe ba ta duba ba. Ya warware ya ba su, ta karɓi ƙyallenta ta ninke. Akawu ya haɗa su duka a bayan bariki, ya zuba kananzir ya ƙyasta ashana, yana tsaye yana ɓare gyaɗa yana ci har suka cinye. Mutane suna ta a'uziyya suna watsewa. Malam da ba ya son hoto shi ya fi kowa ɓacin rai, ya ce ko ba komai siffar Musulmi ce, da sai a binne, ba a sa mata wuta ba. An kuma ci Maniru tara, ya sayar da jakinsa ya biya. Wannan bai dame ni ba, jaki ana sayen wani.

Inno ce ta dame ni. Tun da muka dawo ba ta ce uffan a kan maganar ba, ko Maniru ba ta yi wa faɗa ba, shi kuwa da ta yi masa da ya fi samun sauƙi. Tana sallarta, tana kaɗinta, amma abinci sai an yi da gaske, ta zube ƙwarai. In na zo da hantsi sai in same ta zaune gaban adaka a buɗe, ba ta ciro komai ba ta sa komai. Na tura Maniru birni ya bi kantuna ko za a dace da wata kalandar, ya tarar duk an sauya da ta bana, wani masunci aka sa a jiki, shi ma Allah kaɗai ya san ko yana raye ko danginsa sun sani. Tsofaffin kalandun kuwa, masu kanti sun ƙulle gishiri da sukari da su sun ƙare.

To, an ce babban ofishin kamfanin yana nan Ikko wajenku, kantuna kuma a can ba su ƙidayuwa. Don Allah, don darajar iyaye, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka nemi kalandarsu ta bara, mai manomi da jigo. Ka duba har shagunan teloli da masu aski, su ba su cika cire tsohuwar kalanda ba. Kada ka ce kai ɗan'uwansa ne, kada su ƙirƙiro mana wani sabon laifi; ka ce sha'awa kawai ta ba ka. In ka samu kada ka yanke ta, kada ka kai wa mai hoto, don an ce muddin tana nan yadda suka buga ta, da kwalbarsu da ƙaryarsu, babu mai ikon karɓewa. Ka ga inda aka kai mu, sai an haɗa da tallarsu za a bar uwa ta ga ɗanta. Na haɗiye wannan don dole. Ka naɗe ta da kyau cikin ƙyalle ko fata, ka ba amintacce cikin masu kawo goro, a kawo hannuna, ba hannun Maniru ba.

Malam yana gaishe ka da kyau, ya ce yana sa ka a addu'a. Gwaggo Kaltume tana gaishe ka, ta ce ka zo ta ji muryarka tun tana da sauran kwana. Kawu Tukur na Shagari da iyalinsa suna gaisuwa, haka Mairo matar marigayi da yaranta, sun girma sai ka gani. Maniru ma yana gaishe ka, kunya ce ta hana shi sa hannu a takardar. A gaishe mini da Hajara, a shafa mini kan Mainasara da ƙannensa, a ce musu gwaggonsu tana nan tana ajiye musu ƙuli-ƙuli.

Da zan rufe takardar na je wurin Inno na ce ina rubuta maka, ko tana da saƙo. Ban gaya mata abin da na roƙe ka ba, don kada in sa mata rai a kan abin da ba tabbas. Ta ce in gaishe ka, in ce ka riƙe salla, ka riƙe amanar mutane. Na tashi har na kai bakin ƙofa sai ta kira ni. Tana kallon bango ta ce, "Safinatu, ki ce ma Attahiru, in shina da hali, shi biɗo min Arzika." Haka ta faɗa, da sunan, ban ƙara ba ban rage ba. Na dai ce to, na fito. Yaya, kada ka aiko mini da amsar babu.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ni ce ƙanwarka,
Safinatu.